Na Zagi Kaina, Baba Ya Kai Ƙara Gwaram

Sunan da ke kan takarduna na makaranta ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Duk inda ya kamata ya fito zan sa Wance. Sunan mahaifiyar Baba ne. Ta rasu Umma na da cikina wata bakwai, da aka ga mace aka haifa ko shawara ba a tsaya yi ba, aka mayar mini da shi. Daga ranar suna kuma ba wanda ya ƙara furta shi a gidanmu. Baba Inna yake ce mini. Umma, da yake sunan surukarta ne, Uwar Masu Gida take cewa, in ranta ya ɓaci ta gajarta shi ya koma "ke".

Na tashi ba a dukana, ba don ina da kirki ba. Ranar da na fasa randar ruwa garin wasan ƙwallo da gwangwani, Baba ya ɗauko tsumagiya ya zo har gabana, ya tsaya, ya ce, "Inna, a dinga duba hanya." Ya juya ya zane ƙanena da bai san hawa ba bai san sauka ba, wai don me ya tsaya yana kallo. Da ina makarantar kwana kuwa, ranar ziyara sai ya je bakin ƙofa ya ce wa maigadi ya zo ganin mahaifiyarsa, tana aji biyu.

To, ga yadda na ɓata wannan gata da bakina.

Makarantar koyon jinya nake so, ita kuma ba a shiga sai da lissafi. Karon farko lissafi ya kayar da ni. Na sake zaman jarrabawar. A karo na biyu na yi karatu kamar zan cinye littafin, kuma wallahi na san amsoshin. Takardar nan ce da ake cike gurbi da fensir. Ina kan tambaya ta arba'in da ɗaya na duba, sai na ga hannuna a layi na arba'in da biyu. Na tsallake layi ɗaya can baya, ban san a ina ba. Wato duk amsar da na sani na ba wa tambayar da ke gabanta. Na fara gogewa ke nan aka ce a ajiye fensir.

Da sakamako ya fito, ya fito wa kowa ban da cibiyar da muka rubuta. An riƙe. Me ya sa? Ana bincike. Sai yaushe? Ana bincike. A zauren 'yan ajinmu na waya kullum akwai wadda ɗan'uwanta yake aiki a hukumar jarrabawa, ya kuma rantse gobe ne. Goben nan ta cinye damina.

Ni ba na iya jira. Ko ruwan shayi ne ya daɗe bai tafasa ba sai na buɗe murfi na yi masa tsaki. Da an ce mini na faɗi, da na yi kukana na gama. Amma ba a ce ba, ba a kuma ce na ci ba. Ba malamin da zan yi wa rashin kunya, ba ofishin da zan je na buga wa ƙofa. Mutum ɗaya ce kullum a kusa da ni, kuma ita ce ta tsallake layin. Sai na sa ta a gaba.

A zuci na fara, daga baya ya fito fili. Ni ke surfen gero kowace yamma a gidanmu, ita kuma taɓarya tana son waƙa. Umma tana da nata tsofaffi na daka, ni na yi sabuwa:

Wance jaka, Wance jaka,
Kai ƙato, ciki fanko,
An ce bi layi, kin bar layi,
Wance, ko akuya ta fi ki.

Umma ta leƙo daga madafa ido waje. "Ke! Sunan wa kike kira?"

"Nawa."

"Ki rufa mini asiri, Uwar Masu Gida. Katanga tana da kunne."

Na rage murya kwana biyu. Amma gaskiya waƙar ta zauna a kan taɓarya, gero ma ya fi saurin fita. Kafin mako ta kai baiti goma sha ɗaya, har da wurin da nake jefa taɓarya sama na tafa na cafe.

Wata Laraba hadari ya koro Baba daga gonarsa ta wajen Surko tun kafin la'asar. Ban ji sallamarsa ba, don ina kan baiti na shida, wanda ya ce da za a kai Wance kasuwa ko tayawa ba mai yi. Na juya zan ɗebo ruwa sai na gan shi tsaye, fartanya a kafaɗa, ƙafa duk taɓo. Ya sauke fartanyar a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya shige ɗakinsa.

Da safe na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana." Ya ci gaba da murɗa rediyo.

"Baba, ni fa kaina nake zagi."

Ya dubi Umma. "Gaya mata na sani. Ni ba kurma ba ne, ba kuma mahaukaci ba. Amma sunan da na haura shekara hamsin ban taɓa iya furtawa ba, shi aka haɗa da jaka a tsakar gidana. Har da tafi."

Kwana tara bai amsa gaisuwata ba. Mutumin da ba ya dawowa daga gona sai da wani abu a aljihu, ɗanyar gyaɗa ko ɗinya, ya ce "ga na Inna", yanzu sai ya wuce ni kamar turmi ya miƙa wa ƙannena. Na ɗauka ba abin da zai fi riƙe sakamako zafi. Ashe akwai. Sakamako ba ya zaune da kai a gida ɗaya yana kawar da fuska.

Na ba da haƙuri ta bakin Umma, amsa ta dawo ta bakin Umma: ba shi aka yi wa laifi ba, ba shi zai yafe ba. Mai sunan ta riga mu gidan gaskiya, wadda ta rage a 'yan ɗakinsu ita ce ƙanwarta da ke Gwaram. Can za a kai magana.

A tashar Birnin Kudu direba ya tambaye shi mutum nawa.

"Biyu," in ji Baba. "Ni da wannan."

Wannan. Shekara goma sha tara ina Inna, a bakin mota na koma wannan. Na matsu a kujerar baya tsakanin buhun barkono da wata mata mai goyo, atishawa ta rufa mini asiri, kowa ya ɗauka barkonon ne ya sa ni hawaye.

Ita ƙanwar kakar tawa Kaka nake ce mata. Haƙorinta huɗu, idonta garau, bakinta ya fi nawa kaifi. Tunda sunan yayarta gare ni, Yaya take ce mini tun ina rarrafe, kuma duk laifin da marigayiya ta yi mata ni take tuhuma. Muna shiga ta ce, "A'a, Yaya! Yau an tuna da mu? Har yanzu ban manta da zanena da kika ƙone ba."

Baba ya zauna a gefen tabarma ya cire hula. Bayan an gaisa ya ce, "Ƙara na kawo. An zagi mahaifiyata a cikin gidana."

"Subhanallahi. Wa ya zage ta?"

Ya nuna ni da haɓa.

"Ke Yaya, haka aka yi?"

"Kaina na zaga, Kaka."

"To wa aka zaga ke nan?"

Baba ya sake nuna ni da haɓa.

Kaka ta dube shi, ta dube ni. "Mai laifi ita ce, wadda aka yi wa laifi ita ce, kai kuma mai ƙara. To madalla. Ni ba na yanke hukunci a kan ji-ta-ji-ta. A kawo turmi."

Ta auno gero nata na gida, tiya guda cur, ta zuba. Daga baya na gane ta samu mai surfe a ɓagas ne. Baba ya miƙe ya ce zai je masallaci, alhali ba a ko kira azahar ba. Ni kuwa na kama taɓarya na rera baiti goma sha ɗayan nan kaf. Ina tsammanin salati zan ji. Sai na ji tsohuwa tana dariya har tana ƙwarewa. Ta ce a maimaita mata na shida.

"Kamar kin san ta!" in ji ta tana share ido da gefen ɗankwali. "Wallahi ko tayawa ba mai yi." Sai kuma ta ɗaure fuska. "Amma ke wa ya ba ki izini? Ni da muka sha nono ɗaya ban taɓa faɗa mata haka ba."

Da Baba ya dawo ta ce, "Da turmi aka yi ɓarna, da turmi za a gyara. Ka bar mini ita, ka dawo ranar kasuwa ta sama. Za ta yi wata waƙar. Sunan ya fito a ciki, kada ƙarya ta fito a ciki, kuma kai ka iya zama ka ji ta har ƙarshe."

Na ce, "Kaka, wa zan yi wa waƙar? Ni ko ita?"

"Wadda kika zaga."

"Ai ni na zaga."

"To."

Baba ya sa hularsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Na ce a raina aikin awa ɗaya ne. Wadda ta yi baiti goma sha ɗaya a mako? Na buɗe bayan littafin lissafina, wanda nake yawo da shi kamar laya, na rubuta: Wance gwana, Wance tauraruwa, ilimi kamar kogi. Na karanta mata.

"Ƙarya," in ji Kaka. "Ke kin ci lissafi ne? Ita kuwa ko kajinta ba ta iya ƙirgawa. Ta taɓa tara unguwa da kururuwa wai an sace mata ɗaya, ashe tana maƙale da ita a hammata."

Na sake. Wannan karon na bi ta lahira: Allah ya jiƙan Wance, Allah ya haskaka makwancinta.

"Amin. Amma ke kin mutu ne? Wannan addu'a ce, ki yi ta bayan salla. Waƙa na ce."

Ban san hukuncin yana da rassa ba sai da gari ya waye. Ina kwance na ji motsi, na buɗe ido, ga tsohuwa ta haura tamanin tana ƙoƙarin durƙusawa a bakin ƙofa.

"Yaya, ina kwana? An tashi lafiya?"

"Kaka, don girman Allah ki tashi!"

"Sai kin amsa."

"Lafiya lau! Tashi!"

"Ba zan iya ba. Zo ki ɗaga ni."

Haka muka yi kullum. Ta durƙusa, na amsa, na ɗaga ta, ta yi mini mitar na ja mata hannu da ƙarfi. In an yi miya da nama, tsoka babba tawa ce. In na ce ba na jin yunwa sai ta ajiye ludayi ta ce, "A gidana za ki bar Yaya da yunwa?" Ranar da na tuna layin nan na buga goshina da tafin hannu, ta daka mini tsawa daga bayan rumbu: "Wa ya ce ki mari Yaya?" Wata maƙwabciya da ta shigo neman gishiri ta ji wannan, ta dube ni ni kaɗai a tsakar gida, ta juya ba tare da gishirin ba.

Ni duk wannan haushi yake ba ni. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne littafin. Na raba shafi biyu, gefe ɗaya abin da zan iya ce wa Wance na zagi, ɗayan na kirki wanda ba ƙarya ba. Gefen zagi ya cika har na shiga bango. Ɗayan fari fat. Da ƙawata ce ta tsallake layi, na san abin da zan ce mata ba tare da tunani ba: ke rabu da shi, kowa yana yi, zo mu ci gyaɗa. Amma da na zo kaina sai bakina ya bushe, kamar an ce na gaishe da wanda ya ci amanata.

Ga waya kuma ba ta bar ni ba. Sabis a gidan Kaka sai an hau wani abu. Rannan aka rubuta a zauren ajinmu "AN SAKI!" Na kife turmi na haye, hannu a sama, zane a hannu ɗaya. Kaka ta fito ta ce, "Yaya, in kin faɗo ni ba mai ɗaga ki, ni ma ɗaga ni ake yi." Ba a saki namu ba. Wata cibiya ce a wata jiha.

Muna tsinke zogale ne a rana ta huɗu ta ba ni labarin gonar, ba don na tambaya ba.

"Muna 'yammata, a wajen Unguwar Ya muke a lokacin, Babanmu ya aiki Yaya noman gero. Ta fita da sassafe, ta shiga gonar maƙwabci. Ta duƙa tun hantsi bai yi ba har la'asar. Noma fa na gani na faɗa, ko tsinke ba ta bari ba. Mai gonar ya zo tun azahar, ya samu inuwa ya zauna yana kallo, mugun mutum, Allah ya jiƙansa. Sai da ta kai ƙarshen gona sannan ya ce, yarinya Allah ya yi miki albarka, taku ga ta can."

"Sai ta yi yaya?"

"Ni na kai mata fura, a gabana aka yi. Ta tsaya ta dubi gonar, ta dubi tamu ciyawa har gwiwa, ta dubi tafin hannunta duk ya yi bororo. Sai ta kira sunanta da bakinta ta ce, Wance, sannu da aiki. Ta kuma amsa, yauwa. Ta zauna ta shanye furar tas. Washegari ta nome tamu."

"Ba ta ji haushi ba?"

"Ta ji mana. Da kuka ta zo gida, Babanmu kuma da tsumagiya ya tare ta. Amma ta ce wanda ya wuni a duƙe ana yi masa sannu, ko gonar wa ya noma. Tunda ba mai yi mata, ta yi wa kanta."

Na ce, "Wannan ai hauka ne."

"Hauka ne tuburan. Naki da kike zagin kanki har da tafi, shi ne hankali?"

Na yi tsaki na ci gaba da zogale. Ban ɗauki darasin komai ba, kada wani ya ce na ɗauka. Na dai ji haushin mai gonar.

Kwana biyu bayan haka ta aike ni kai niƙa. Na bi layi a inji cikin rana, na ɗoro ƙwaryar garin dawa a ka. Ina daidai ƙofar gida waya ta yi ƙara a ƙuguna. Na saki ƙwarya na kai hannu. Sai ji na yi fuu, gari a ƙasa, ƙasar kuma da danshin ruwan jiya. Kajin Kaka suka taho a guje kamar an yi musu shela. Saƙon kuwa wata 'yar ajinmu ce take tallan atamfa.

Bakina ya buɗe da kansa. "Wance..."

Sunan ya riga ya fita, da ƙarfi. Jaka tana kan harshena, a shirye. Kaka na zaune a kujera 'yar tsuguno tana kallona, ko gira ba ta ɗaga ba. Na sunkuya don kada mu haɗa ido, sai na ga ƙafafuna, fari fat da gari, silifas ɗaya ya tsinke na ɗaure da leda. Ƙafafun nan sun je inji sun dawo cikin rana. Su ne suka yi ta kai ni darasin lissafi na yamma wata shida. Ban san me ya sa suka ba ni tausayi ba, kamar na wata ne.

Na ce, "...sannu."



"An gaishe ki," in ji Kaka. "Ba ki ji ba?"

"Kaka, don Allah."

"Ki amsa. Yaya ba ta da girman kai."

Ina tsaye a cikin gari, kaji na tsattsagar yatsuna, na ce, "Yauwa."

Sai kuka. Kukan da na riƙe tun ranar da aka ce a ajiye fensir. Kaka ba ta rarrashe ni ba. Ta ɗauki kara tana korar kaji tana cewa na yi sauri na kwashe na sama-sama kafin ya jiƙe. Ranar tuwonmu da ƙasa-ƙasa muka ci, ta ce dama haƙoranta huɗu ne, ba ta da asara.

Daga nan waƙar ta ci mini kwana uku, ni mai cewa awa ɗaya. Na rubuta, na goge, har takardar ta huje. Na sa "Wance za ki ci jarrabawa", Kaka ta ce, "Kin sani? Ba ki sani ba. Cire." Na sa "Wance ba laifinki ba ne", ta ce, "To laifin wa? Fensir? Cire." Abin da ya rage bayan duk cire-ciren nan ɗan kaɗan ne, ko rabin ta zagin bai kai ba. Na gwada shi a kan taɓarya, bai da saurin waccan. Dole na rage hannu, wanda a rayuwata ban taɓa yi ba.

Ranar kasuwa Baba ya zo da ƙunshin goro. Ya gaida Kaka, ya zauna a tabarma ya ba ni rabin baya. Kaka ta auno gero, tiya biyu wannan karon. Na ce bismillah na ɗaga taɓarya.

Wance, sannu da aiki,
Kin wuni a gonar wani, sannu da aiki,
Ciyawa dai kin cire ta, ko ba taku ba.
Wance, sannu da aiki,
Kin cike layin wani, sannu da aiki,
Amsa dai kin san ta, ko ba gurbinta ba.
Gari ya zube, kaji sun gode,
Wance, tashi ki kakkaɓe zane.
Ban san gobe ba, ke ma ba ki sani ba,
Zauna ki sha fura tukuna.

Duk inda na ce sannu da aiki sai Kaka ta karɓa da "yauwa" da muryarta ta tsohuwar ƙofa. Na ga kafaɗar Baba ta motsa a sunan farko. A na biyu ya dafa tabarma kamar zai tashi. Bai tashi ba. Na kai ƙarshe na jingina taɓarya.

Can Baba ya ce wa Kaka, "Wace gona ke nan?"

Ta ba shi labari, har da mugun mutumin da inuwarsa.

"Inna ba ta taɓa yin haka ba," in ji Baba.

"Kana ina a lokacin?"

Ta ƙara masa da na kaza a hammata. Na ga yana cije leɓe, yana kallon rumbu, yana kallon sama. Dariyar ta fi ƙarfinsa, ta fito ta hanci tukuna. Ya yi ta har ya cire hula ya rufe fuska, ya daɗe bai sauke ba, kuma ba duka dariya ba ce.

"Shi ya sa," ya ce daga baya, murya ƙasa-ƙasa. "Ranar da na ɓatar da jakinmu a kasuwa, na dawo jikina na ɓari. Sai da ta yi mini sannu da hanya, ta ba ni ruwa na sha na ƙoshi. Sannan ta zane ni."

"Yaya ke nan," in ji Kaka. "To ni na yafe a madadinta. Amma maganar zanena tana nan."

Sakamakon bai fito ranar ba, bai fito a watan ba, sai bayan an girbe dawa. Lissafi ya sake kayar da ni. Na yi kuka, na yi wa Wance sannu, ta amsa, muka sake yin rajista. Amma a ranar nan ta kasuwa ban san duk wannan ba, kuma ba shi ne a gabana ba. Abin da ke gabana shi ne har muka yi sallama da Kaka, har muka ratsa 'yan hatsi da 'yan awaki muka nufi tasha, Baba bai ce mini komai ba. Yana gaba, ina baya da ledar kayana da littafin lissafi. Na fara tunanin ko sai an sake wata waƙar.

Direban bas ɗin Birnin Kudu yana tsaye yana kiran fasinja. Ya ce, "Malam, mutum nawa?"

"Biyu," in ji Baba. "Ni da mahaifiyata."

Nan da nan direba ya buɗe ƙofar gaba, ya sauko da wani ɗan kasuwa da ya riga ya zauna, ya kakkaɓe kujerar da tsumma. "Ai tsofaffi gaba suke shiga. Ina Hajiyar take? A kama mata hannu."

Baba ya juyo ya dube ni, karon farko cikin kwana goma sha bakwai.

"Inna, bismillah. A dinga duba hanya."

Direba ya dube ni, ya dubi Baba, ya dubi ɗan kasuwar da ke tsaye da jakarsa yana huci. Ni kuwa ban tsaya bayani ba. Na tattare zanena na haye gaba, na sauke gilashi. Kafin mu fita daga Gwaram na ji hannu ta tsakanin kujeru yana taɓa kafaɗata. Ɗanyar gyaɗa ce, cike da tafin hannu, har da ƙasar gona a jikinta.